Sojan da ke karanta Zabura a rami, garinmu yake gadi

Wani bidiyo ne aka turo zauren WhatsApp ɗinmu na 'yan unguwa a nan Agege. Sojoji ne a wani sansani can arewa maso gabas, sun yi da'ira cikin kaki, bindiga a rataye, ƙura ta yi musu fari fat, suna tafi suna waƙar coci, rabi da Hausa rabi da Turanci. Ai kuwa nan take aka hau sharhi. Wannan ya ce an tura su yaƙi sun ɓige da rawa. Wancan ya ce shi ya sa yaƙin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne wanda ya rubuta wai da ma ba don mu suke yi ba, ya bi bayansa da hoton dariya.

Ni Musulmi ne, kuma ba tallan addinin kowa na zo yi ba. Amma ra'ayina a fili yake: sojan Kirista da ke addu'arsa a bakin daga bai cancanci ba'a daga gare mu ba, ko kaɗan. Addu'ar nan tana cikin abin da ya riƙe shi a wurin da ni da kai ba za mu iya kwana ɗaya ba, kuma wurin nan garuruwanmu ne. In haushi muke ji yaƙi ya daɗe, akwai inda ya dace mu kai haushin, kuma ba kan kofur mai tafa hannu ba ne.

Su waye ma cikin kakin nan?

Da yawanmu in an ce sojan Kirista sai mu hango wani daga Enugu ko Kalaba wanda ko "sannu" bai iya ba. Akwai su kam, kuma su ma sun bar gidajensu ne sun je. Amma babban kaso 'yan arewa ne irinmu. 'Yan Zuru, 'yan kudancin Kaduna, 'yan Filato, 'yan Taraba, 'yan Adamawa, 'yan kudancin Borno da Tangale. Da Hausa suke ciniki, da Hausa suke faɗa da matansu, da Hausa suke addu'a. Tun 1932 aka buga musu Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma har gobe in ka wuce cocin ECWA ko COCIN ko EYN ranar Lahadi, har a nan Legas, Hausa za ka ji tana tashi.

Kuma ba baƙi ba ne a aikin. Yakubu Gowon a Wusasa ta Zariya ya tashi, daga Dodan Barracks da ke nan Obalende ya mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975. Langtang ta Filato kaɗai ta fitar da janar-janar irin su Domkat Bali da Jeremiah Useni da Joshua Dogonyaro. Janar Christopher Musa, wanda ya jagoranci rundunar Haɗin Kai a Maiduguri kafin ya zama babban hafsan tsaro a 2023, a Sakkwato aka haife shi, in ya juya Hausa a rediyo ba ka ce ba Basakkwace ba ne. Ita kanta rundunar sojan Najeriya a garin nan aka kafa tushenta a 1863, da 'yan tsirarun mutanenmu da ake kira Hausawan Glover. To wannan gida ne da muke da gado a ciki, su ma suna da gado, babu ɗan haya.

Wani abin kuma da ake mantawa, wasu daga cikin yaran nan nasu garin aka ƙona. A Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, ta mamaye hedikwatar cocin EYN da ke Kwarhi. Chibok an sani. Gwoza an sani, har daula aka ayyana a can a Agustan 2014 kafin soja su ƙwato ta a Maris ɗin 2015. Yaron da aka kori iyayensa daga bayan dutsen Gwoza, ya shiga soja, aka mayar da shi Borno, shi ne za a ce ba don mu yake yi ba? To don wa yake yi?

Yadda kwana yake a can

Akwai wani maƙwabcinmu, ɗan kudancin Kaduna, iyalinsa suna barikin Ikeja amma ƙaninsa na haya a layinmu, in ya samu fas, wato izinin zuwa gida, yana zuwa mu sha shayi. Ba mai yawan magana ba ne, sai ka ja shi. Abin da na tsinta daga bakinsa da bakin irinsa shi ne yaƙi ba kullum harbi ba ne kamar a fim, yawancinsa jira ne. Jira cikin rami. Kafin asuba kowa ya koma raminsa da bindiga a hannu saboda lokacin da aka fi kawo hari ke nan, haka ma in rana ta kusa faɗuwa. Tsakanin nan sai gadi, sai share bindiga, sai gyaran buhunan yashi, sai jiran tankar ruwa wadda wani lokacin sai ta ga dama, sai girkin shinkafa da wake ko garin kwaki da ƙuli in ayarin kayan abinci ya makara. Watan Afrilu rana kamar ta narka hular kwano a kanka, lokacin hunturu kuma sanyin bakin tafkin Chadi sai ya hana ka lanƙwasa yatsa. Wani wurin babu sabis sam, sai mutum ya yi makonni bai ji muryar 'yarsa ba, in an dace an samu wani tudu ko bishiya inda waya ke kamawa sai a yi layi.

Abin da ya ce ya fi ba su tsoro ba ma harin ba ne, hanya ce. Bam ɗin da ake binnewa a ƙasa. Ka fita sintiri ko rakiyar motocin 'yan kasuwa, motar gaba ta wuce lafiya, ta biyu ta wuce lafiya, ta uku ta tashi sama, babu wanda ka gani balle ka rama. Yanzu kuma an ƙaro wata, mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, sun fara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi, wato saman ma ba ta da aminci.

To ka faɗa min, mutumin da kullum in ya hau mota bai san ko zai sauko da ƙafafunsa biyu ba, me kake so ya riƙe? Musulmin cikinsu yana da azkar ɗinsa, yana da Ayatul Kursiyyu, yana da carbi a aljihu. Kiristan yana da ƙaramin Sabon Alkawari a aljihun gaba, yana da Zabura ta 91 da ta 23 da ya haddace tun yana yaro, in ɗan Katolika ne yana da nasa carbin a wuya. Rundunar soja tana da sashen limaman Katolika, da na Furotesta, da sashen harkokin Musulunci, amma fada ko fasto ko liman ba zai iya zama a kowane ƙaramin sansani ba, sai dai ya leƙo in hanya ta yi kyau. Don haka su ya su suke yi. Wani saje ya ja salla, wani kofur ya buɗe littafi ya karanta wa 'yan uwansa, a yi waƙa biyu, a koma rami. Maƙwabcin nan nawa ya ce a inda ya zauna ranar Juma'a su ke karɓar gadin Musulmi, ranar Lahadi da safe Musulmi su karɓi nasu, kuma babu wani oga da ya rubuta hakan a takarda, dole ce ta koya musu.

Wannan minti goman na waƙa shi aka ɗauka a waya. Sauran awa ashirin da uku da ɗoriya babu mai ɗauka.

"Ai aikinsa ne, biyansa ake"

Gaskiya ne, biyansa ake. Kuma na yarda da yawa talauci ne ya kai su Depot na Zariya, ba wata kishin ƙasa ba. Amma don Allah nawa za a ba ka ka je Malam Fatori ka kwana? A can aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Nuwamban 2016. A Metele, Nuwamban 2018, aka afka wa bataliya ta 157, kwamandanta Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba ya rasu tare da yaransa, rundunar soja ta ce 23, rahotanni da yawa suka ce adadin ya ninka haka nesa. A Askira Uba, Nuwamban 2021, Birgediya Janar Dzarma Zirkusu ya faɗi yana kan hanyar kai ɗauki. Manya ke nan da aka san sunansu. Ƙananan da suka faɗi tare da su, su John da su Musa da su Emeka, babu mai tunawa sai uwa da mata.

Kuma mu 'yan Legas ya kamata mu fi kowa jin kunyar wannan magana. Shanun da ake saukewa a mayankar Oko-Oba, waken da ke shigowa Mile 12, bandar kifin Baga, da yawa ta hanyoyin da soja ke gadi suke biyowa. Kuɗin da mai gadi a Ikoyi ko mai faci a Idi-Araba ke turawa gida ƙarshen wata, sai in garin yana nan za a ci shi. Da sallah mu cika motoci a Agege da Ijora mu tafi, mu iske tsohuwa lafiya, mu dawo mu zauna a gindin fanka muna yi wa wanda ya tsare ƙofar garin dariya.

"Addininmu bai yarda mu yi musu addu'a ba"

Ni ba malami ba ne, kuma ban ce kowa ya yi wa wanda ba Musulmi ba addu'ar gafara ba, wannan hukunci ne da malamai suka yi bayaninsa, ban zo taɓa shi ba. Amma tsakanin "ba zan nema masa gafara ba" da "bari in yi masa dariya" akwai tafiya mai nisa, kuma mu muka cike ta da son zuciyarmu, ba addini ba.

Hadisi ne ingantacce a Buhari da Muslim, an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Kuma ka buɗe Suratul Hajji aya ta 40, inda Allah ya ce ba don yana tunkuɗe wasu mutane da wasu ba da an rushe wuraren ibada, ya lissafa na Nasara da na Yahudu tare da masallatai. Sahabbai da aka matsa musu a Makka ƙasar sarki Kirista aka tura su, Habasha. Duk mun san waɗannan tun muna Islamiyya, sai dai in an zo kan waya mu manta.

Su waɗanda ake yaƙa ɗin kuma ba su taɓa tantancewa ba. Sun tayar da bam a cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011, sun tayar a cocin sojoji da ke cikin barikin Jaji a Nuwamban 2012, sun kuma tayar a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014, mutum sama da 100 suka tafi ana tsakiyar salla. Sun kashe Sheikh Albani Zariya a 2014, sun kashe Sarkin Gwoza a shekarar, sun yanka Rabaran Lawan Andimi na Michika a 2020, a ƙarshen shekarar suka yanka manoman shinkafa na Zabarmari. Wannan amsa ce kuma ga wasu 'yan uwanmu Kiristoci, musamman a nan kudu, masu cewa su kaɗai ake kashewa kuma duk mai hula ɗan Boko Haram ne. Nasu ma kuskure ne, kuma yana cutar da mu a cikin danfo da wurin neman haya. Amma ba a gyara shi da irinsa.

"Sojoji ma ai azzalumai ne"

Nan kam ba zan yi gardama ba. Zariya, Disamban 2015, da soja suka buɗe wa 'yan Shi'a wuta, kwamitin binciken gwamnatin Kaduna da kansa ya ce mutum 347 aka binne a rami ɗaya. Tudun Biri, Disamban 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa wa masu Mauludi bam, hukuma ta ƙirga 85. Abin da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka rubuta kan tsare mutane a barikin Giwa na Maiduguri yana nan. Harbin masu zanga-zanga a Lekki a Oktoban 2020 kuma a gabanmu aka yi. Ga na yau da kullum, direban tirela daga Maiduguri zuwa Legas ya san nawa yake ajiyewa saboda shingaye.

Sai dai ka lura, duk waɗannan ba a yi su da sunan coci ba, ba a yi su da sunan masallaci ba. Masu ba da umarni akwai Musulmi akwai Kirista, masu aiwatarwa ma haka. Laifin kaki ne da rashin hukunci. In za mu bi haƙƙin Tudun Biri, mu bi shi a kan rundunar da shugabanninta, kar mu sauke shi kan wanda muka ga ya durƙusa yana addu'a don kawai addu'arsa ba irin tamu ba ce.

Hasali ma ni na fi natsuwa da sojan da ke tsoron Allah ta ko wace hanya ya san shi, a kan wanda ba ya tsoron komai sai oga. A cikin littafinsu, Luka sura 3 aya 14, sojoji sun tambayi Yahaya Mai Baftisma me za su yi, ya ce musu kada su ƙwaci kuɗin kowa, kada su yi wa kowa ƙage, su gamsu da albashinsu. Da fastocin bariki za su riƙa maimaita wannan ayar kamar yadda ake maimaita Zabura ta 91, da limamanmu na bariki su ma su riƙa ɗora hudubar haramcin cin hanci a kan ta neman tsari, da direbobi sun huta. Abin da ya kamata mu nema daga sojan Kirista ke nan, ya cika addinin nasa, ba ya ɓoye shi ba.

Inda nake da ja

Akwai wani abu guda da ke damuna game da yawan addu'ar nan, kuma ya shafi ɓangarorin biyu. Ina tsoron an mayar da imanin yaran nan madadin kayan aiki. A nan Legas akwai masu coci da ke sayar wa matan soja man shafawa da hankici wai harsashi ba zai kama miji ba, kamar dai yadda namu 'yan tsibbu ke sayar da laya da guru. Matar da mijinta ke Damboa ko Marte ba za ta yi ciniki ba, abin da aka ce shi za ta bayar, daga cikin ɗan abin da ya turo na makarantar yara. Wannan cin amana ne ko wane ne ya yi.

Su kuma manya abin ya yi musu daɗi. Sojan da ya ce "Allah ne ke tsarewa" ba ya tambayar ina motar sulke, ina na'urar gano bam, ina alawus ɗin wata uku, yaushe za a canza ni. Kuma mun ga abin da ke faruwa da mai tambaya. A 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 12 hukuncin kisa a Satumba, wasu 54 a Disamba, da yawansu kukansu shi ne ana tura su ba isassun makamai, sai a Disamban 2015 aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. A daidai wannan lokacin ne kuma maganar dala biliyan 2.1 na sayen makamai ta fito, shari'ar da aka yi ta jan ƙafa a kai. A Agustan 2018 sojoji suka yi bore a filin jirgin Maiduguri saboda sun shekara da shekaru a daga ana neman sake tura su Marte. A 2020 kwamandan rundunar Lafiya Dole kansa, Manjo Janar Olusegun Adeniyi, ya fito a bidiyo yana kokawa kan irin wutar da ake yi musu da halin da motocinsu ke ciki, aka cire shi, daga baya kotun soja ta hukunta shi.

To ga inda tambayar "me ya sa yaƙin bai ƙare ba" take da amsa. Tun 2009 ake abu ɗaya, an canza sunan rundunar daga Zaman Lafiya zuwa Lafiya Dole zuwa Haɗin Kai, kasafin tsaro kullum hawa yake. Ba tafin hannun kofur ne ya cinye kuɗin ba.

Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojojin da suka faɗi, ana ajiye furanni, a saki tattabaru, a yi addu'a a masallaci ranar Juma'a a yi a coci ranar Lahadi, manya su koma gida. Ka shiga barikin Ikeja ko na Ojo bayan nan ka tambayi matan da aka kawo wa saƙo, Maman Blessing da Maman Aisha ɗaki ɗaya ke tsakaninsu, layi ɗaya suke bi da fayil a hannu suna neman haƙƙin miji, kuma dukkansu sun san wata rana za a ce su tashi daga ɗakin gwamnati.

Abin da nake so 'yan majalisarmu na arewa, da sarakunan Hausawa na nan Legas da ke da bakin magana da gwamnati, su matsa a kai ƙarami ne. Duk sojan da ya faɗi a daga a buga sunansa, da garinsu, da inda ya faɗi, da ranar, ba a ce "wasu jami'ai sun rasa rayukansu" a wuce ba. Bayan wata shida kuma a fito a faɗa mana ko an biya iyalinsa ko ba a biya ba.